Layi na Takwas

Ba a shiga hawa na uku da waya. Kowace safiya Mai-Zare takan miƙa wa mai gadi wayoyinta biyu: babbar da take amfani da ita, da wata 'yar ƙarama mai madannai wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ya jefa su aljihun tebur, ita kuma ta haye sama.

"Tsohuwar nan taki ta sake kuka yau," yakan ce mata da yamma.

"Bar ta, za ta gaji," in ji ta. Sai ta danna jan maɓalli ko kallon fuskar wayar ba ta yi ba, ta cusa a jaka.

A ofishin ba a sauraron hirar kowa, Oga har alfahari yake da haka. Abin da ke zuwa musu kaɗan ne: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa. Ko lambobin ba a nuna wa ma'aikata. Na'ura ce ke mayar da kowane layi ɗigo, don kada wani ya ga na ɗan'uwansa zuciyarsa ta karaya. Aikinta shi ne ta ja zare daga ɗigo zuwa ɗigo har hoto ya fito. Daga nan ta samo sunan, kuma ba ta da na biyu.

A watan nan direbobin bas na gwamnati suka shiga yajin aiki. An san mutum bakwai da ke gaba, amma Oga ya rantse akwai mai juya su daga ɓoye. Ya dire mata fayil ya ce, "Ki nemo min kan macijin."

Kwana biyu ta samo shi. Ɗigo ɗaya ne, can gefe, ba ya zuwa taro, ba ya ma barin unguwarsa. Amma kullum da safe, ƙarfe tara saura, yakan kira bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowa minti biyu, ba fashi. Idan ya gama, tara da minti goma sha biyu, sai ya kira layi na takwas. Wannan ba a taɓa ɗauka ba. Shekara uku cur, kira ya haura dubu, ko sau ɗaya.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Oga yana murza hannu. "Wa zai yi ta kiran wanda ba ya ɗauka? Alama ce suke ba juna. Wayar ta yi ƙara, saƙo ya isa."

Mai-Zare ta ji daɗin yabon. Ta zagaye ɗigon da ja, ta sa hannu a ƙasa. Ranar Litinin da hantsi aka je aka ɗauko shi.

Ran Laraba Oga ya leƙo teburinta yana tsaki. "Wani tsoho ne. Wai bakwai ɗin yaransa ne da ya koya wa aiki, gaisuwa kawai yake musu don gidan ya yi masa faɗi."

"Kowa haka yake cewa," ta ce, idonta a kan allo.

"Na takwas ɗin ne ya tsaya mana. Mun bincika, sunan wata mata ne da ta mutu tuntuni, amma layin yana raye. Kuma kin san inda yake wuni? Unguwar ma'aikatun nan. Akwai ɗan leƙen asiri a cikinmu, ko a maƙwabta. Duk wanda ke riƙe da shi, kashinsa ya bushe."

"Tsohon bai faɗa ba?"

"Taurin kai gare shi. Wai ya riga ya cuce ta sau ɗaya, ba zai ƙara ba ko za a yanka shi."

Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da aiki. Masu taurin kai ba baƙi ba ne a wurinta, ita ma an sha faɗa mata haka.

Ran Juma'a Oga bai yi tsaki ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Tsohon yana da hawan jini, ba wanda ya tuna da maganinsa. Da safe aka iske shi a zaune, ya jingina da bango, ya riga ya yi sanyi. Bai faɗi sunan ba.

"Allah ya jiƙansa," ta ce, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Ta rufe fayil ta sauko.

Mai gadi ya miƙo mata wayoyin yana dariya. "Kin yi gaskiya fa, ta gaji. Tun Litinin ban ƙara jin kukanta ba."

Ta tsaya da 'yar wayar a tafin hannu. Ta Mama ce. Shekara uku ke nan da Mama ta kwanta jinya, Baba ya ɓoye mata don kada ta rasa jarrabawar shiga wannan aiki. Ko da ta iso gida an riga an binne. A ranar ta ɗauke wayar, ta canja nata layin, ta fita ba ta waiwaya ba. Kullum tana cewa wata rana za ta ɗauka, idan zuciyarta ta huce.

Ta buɗe jerin kiran da ba a amsa ba, karo na farko.

Na ƙarshe ya shigo ran Litinin, tara da minti goma sha biyu, da sunan da Mama ta ajiye da hannunta: Maigidana.