Gashin Idon Bara'atu

Karo na huɗu ke nan Bara'atu ta hawo babur daga Kebbe zuwa shagon kwalliyar Raliya a Tambuwal. Gashin idon da aka lanƙwasa mata ya sake kwanciya.

Raliya ta canza magani, ta ƙara mintoci, duk a banza. Har ta fara tsoron sunan shagonta zai ɓaci.

Ta ce, "Hajiya, gaya mani gaskiya. Ruwa ya taɓa shi ran farko?"

Bara'atu ta amsa, idanunta a rufe.

"Da gangan nika wanke shi, ƙanwata. Tun rasuwar maigidana, babu mai riƙe fuskata ya ce mani sannu sai ke."