Ranar Kwashe Muryoyi

A Gidan Muryoyi na Funtuwa, inda ake adana muryoyin mamata, yau za a kashe tsohuwar na'ura. Sabuwar ba ta karɓar murya daga tsohuwar sai wani na jini ya ambaci sunan mamacin.

"Inna, faɗi sunansa kawai," in ji Injiniya Tanimu. "Ni na tsara aikin, amma ba ni da ikon faɗa a madadinki."

Inna Delu ta sunkuyar da kai. Mamacin ɗan farinta ne. Ko ranar jana'izarsa ba ta kama sunansa ba.

Ta matsa kusa, ta ce, "Yaron nan."

"Babu mai wannan suna," in ji sabuwar.

Daga tsohuwar, muryarsa ta ce, "Inna, kin ci abinci?" Sai fitilar ta mutu.