Muryar Yaya a Cikin Waya

"Sai an cire aikin da aka yi mata, 'yar'uwa," in ji mai gyaran waya. "Wayar da aka taɓa wa ciki ba ta karɓar sabuntawar kamfani."

Ta san aikin. Yayanta ne ya yi shi kafin rasuwarsa: ya cire kiɗan kamfani, ya sa muryarsa. Duk sanda ta kunna wayar sai ya ce, "Ke sarkin mantuwa, kin ci abinci?" Takan ce ta ci, ko da ƙarya ne.

Ga shi manhajar wurin aikinta ta daina buɗewa. Shugabarta ta ce ko ta gyara, ko ta zauna gida.

"Zan kwafe miki muryar," ya ce.

"Wannan sai na danna ke nan kafin in ji shi. Da, shi yake fara yi mini magana."

Ta kashe wayar, ta kunna, ta saurara, sannan ta miƙa masa.

Da ya gama, wayar ta kawo haske. Tambarin kamfani ya fito, babu ko tari.

Ta sunkuyar da kai.

"Yau ban ci ba, Yaya."