Man Leɓe Biyu

Na tsinci man leɓe a aljihun maigidana, irin nawa sak. Nawa kuwa ga shi can gaban madubi.

Mutumin da aikinsa tace ƙwayoyin halittar teku a ɗakin bincike, yana neman maganin ƙurajen herpes masu fesowa a leɓe, me ya haɗa shi da kayan kwalliya?

Na dire masa kusa da kofin shayinsa. "Maigida, na wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Naki ne."

"Na gaban madubin fa?"

"Maganinmu ne, na musanya miki. Yaushe rabon da ƙurajen nan su feso miki a baki?"

Na shafa leɓena, sumul.

Ni da nake farautar budurwarsa, ashe ni ce ɓeran gwajinsa.