Tsoho Mai Tari

Yaya na tsakiyar yanka wa wata mata atamfa sai tarin nan ya fito daga rediyo. Ta dangwarar da almakashin. Duk layin 'yan atamfa an san tarin: Tsoho Mai Tari ne ya bugo waya a shirin safe, kuma kamar kullum kansilan unguwa zai wanke tas.

Kansilan kuwa ƙanin Yaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Wai kansilanmu yana raye kuwa?" in ji muryar, a shaƙe. "Kwalbatin bayan makaranta ya rufta, yara na tsallaken rami da jakunkunansu. In rasuwa ya yi a gaya mana, mu je gaisuwa."

Mai gabatar da shirin ya fashe da dariya. Maƙwabtan Yaya suka sunkuyar da kai suna danne tasu.

Abin da ke ƙona mata rai, yaron nan ba ya zaune. Ya yi ta kai takarda ofishin Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma har takalminsa ya cinye. Shi kuwa Ciyaman ba ya karanta takarda, rediyo kaɗai ke shiga kunnensa. Da an yi masa tonon silili da safe, kafin la'asar sai ka ga motar yashi. Haka aka gyara famfon kasuwa, haka aka kunna fitilun titi. Yabo ya tafi wa Tsoho, zagi ya zauna a kan kansila.

Ta rufe shago ta same shi a gida yana shan shayi, wai maƙogwaro ke damunsa.

"Ka ji abin da ya ce yau?"

"Ban ji ba, Yaya. Lokacin ina zagayen unguwa."

"Kullum kana zagaye! Mutum yana tsige ka kamar kaza, kai ko a jikinka?"

"Ki rabu da shi. Ai an kai siminti wurin kwalbatin."

Haushi ya kama ta. Yaron da a da bakinsa ba ya rufuwa, wanda ya sha bulala a makaranta saboda kwaikwayon malamai, yau siyasa ta mayar da shi salihin dole.

Sannan magana ta ƙara zafi. Zaɓen fidda gwani ya matso, aka fara raɗe-raɗin jam'iyya ba za ta sake tsayar da mutumin da ya zama abin dariyar gari ba. Ciyaman kuma ya rantse a gaban jama'a cewa Tsohon nan ɗan gida ne, don ya san abin da bare ba zai sani ba, kuma ranar da aka kama shi, shi da duk mai ɗaure masa gindi sun bar jam'iyya ke nan har abada.

Yaya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Lissafinta ɗaya: a kama Tsoho, kujerar ƙaninta ta tsira.

Ta je gidan rediyon. Matar da ke karɓar baƙi ta ce ba sa ba da lambar kowa. Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta fito hannu rabbana. Daga ranar ta daina sauraron abin da Tsoho ke faɗa, ta koma sauraron abin da ke bayansa. Ta manna kunne a jikin rediyo har masu saye suna tafiya ba ta sani ba. Rannan ta ji ƙarar injin yankan ƙarfe. Washegari ta ji ƙararrawar makaranta. Wuri ɗaya ne a unguwar ya haɗa biyun: lungun bayan rumfar mai walda.

Ba ta gaya wa ƙanin nata ba. Ta san halinsa, cewa zai yi a yi haƙuri. Sakataren jam'iyya ta kira.

Da safe suka haɗu a bakin titi, Sakatare da mutum biyu daga ofishin Ciyaman. Yaya ce a gaba, ƙaramar rediyonta a hannu, mayafi na zamewa tana janyo shi.

Tarin ya fito. "Yau maganar asibitin unguwa zan yi," in ji Tsoho. "Rufin ɗakin haihuwa na yoyo, kansilanmu kuwa yana can yana gyaran hula."

Suka bi ta gefen rumfar. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga Sakatare, ya haɗiye. Yanzu muryar ta wuri biyu take zuwa: daga rediyon hannunta, da kuma daga bayan tulin tsofaffin ƙyamare. Sakatare ya zaro wayarsa ya fara ɗaukar bidiyo.

Ga shi nan tsugune, ya ba su baya, ya lulluɓe kai da tsohon bargo, ya naɗe bakin wayarsa da hankici.

Yaya ta cafki bargon ta fizge. "Munafukin Allah! Juyo duniya ta gan ka!"

Ya juyo a firgice, hankicin ya faɗi, kuma da ainihin muryarsa, wadda ta fito tar ta rediyon hannunta da ta kowane shago a garin, kansila ya ce, "Yaya... me kika yi mini?"