Aljanun Gindin Tsamiya

Kai Ɗanjuma, tun da muka zauna kake cin naman maƙwabcinka ba gishiri ba yaji. Kurɓi ruwa in ba ka wani misali, in ya so ka ɗora daga inda ka tsaya.

A wani gari an yi masu ɗinkin hula biyu, ƙofa na kallon ƙofa, ɗaya dogo ɗaya gajere. Mutum ɗaya ya koya musu riƙon allura, shago ɗaya suke sayen zare. Amma hular dogon kullum da sabon zane, gajeren kuwa zanen da kakansa ya bari shi yake ta maimaitawa. To duk shekara kafin Sallah akwai dillalin da ke zuwa daga birni ya zaɓi hannu ɗaya ya ba shi aikin shekara. Bara gajeren ne ya samu, da ƙyar. Bana ya san in aka jera hulunan, tasa ko kallo ba za ta samu ba. In ya ga hular dogon a kan mutum, tuwo ma ba ya wuce masa.

Shi kuwa dogon ba shi da wani asiri. Ana sallame la'asar sai ya soke allura a jikin hula, ya ɗauki sanda ya bi hanyar rafi a ƙafa, shi da wasu tsofaffi biyu. Suna tafe suna hira, in ta ƙare kowa ya shiga tunaninsa. In ya ga sawun zabo a kan yashi, ko yadda laka ta tsattsage a busasshen kududdufi, sai ya riƙe a ka. In sun iso gindin wata tsamiya ya tsuguna ya zana shi da yatsa a ƙasa don hannu ya haddace, ya share, su juyo gida kafin magariba. Shi ke nan fa.

Gajeren yana da babur, irin mutanen nan da ko masallacin ƙofar gida ji suke kamar su hau. Rannan ya zagaya ta bayan gonaki ya laɓe a cikin sabara. Me zai gani? Ga mutuminsa tsugune a gindin tsamiya, yana zane a ƙasa yana sharewa. Ya ce, "Yawwa! Bugun ƙasa! Kuma a gindin tsamiya! Dama na san ɗan Adam ba ya irin wannan zane." Bai zame ko'ina ba sai teburin mai shayi. Ya rantse ya maya cewa aljanun tsamiya ke ba dogon zane, wai duk wanda ya sa hularsa sai kansa ya juye. Nufinsa kowa ya cire ya jefar kafin dillali ya iso.

Ka san mutanenmu. Ka ce musu ga wa'azi, mutum uku za ka gani. Ka ce ga aljani, har gurgu sai ya nemi mai goya shi. Washegari mutum goma suka bi dogon a baya, kowa da addu'a a baki. Ba su ga aljani ba, sai sawun zabo. Da gari ya sake wayewa suka koma ko za a dace, nan ma babu. Amma tafiyar ta yi musu daɗi. Mahauci ya ce rabon da ya yi barci irin na jiya tun yana saurayi. Wasu 'yan uwa biyu da suka shekara suna gaba kan iyakar gona, hanya ta matse su a wajen wata ƙaya, dole ɗaya ya riƙe wa ɗaya reshe, kafin a kai rafi sun gaisa. Liman ya je don ya tsawata, ya dawo da huɗubar Juma'a a kansa. Daga nan kowa ya zama ɗan rahoto. Wannan ya ce, "Dogo, zo ka ga bayan kunkurun nan!" Wancan ya ce, "Bar kunkuru, dubi saƙar gidan tsuntsu!" Da idonsa biyu yake neman zane, yanzu ya samu ido tamanin.

Ranar da dillali ya sauka, la'asar ce, gari wayam. Gajeren kaɗai ya tarar a ƙofar gida, ya jera hulunansa yana ta kaɗe musu ƙura. Dillali ya ce, "Malam, lafiya? Ina mutanen garin?" Ya taɓe baki ya ce, "Sun bi mai aljanu, ranka ya daɗe." Dillali ya zabura ya ce, "Aljanu? Tayar da babur ɗin nan ka kai ni!" Baƙo ne, kuma mai aikin shekara, wa zai ce masa a'a? Haka ya goya shi da kansa, da mansa, har gindin tsamiya. Suka tarar da mutum arba'in zagaye da dogon, kan kowa da hula, babu wadda ta yi kama da wata. Dillali ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa kawuna kamar wanzami, tun a nan ya ba dogon aikin. Da za a juyo gajeren ya ce, "Hau mu koma." Dillali ya ce, "A'a, yi gaba abinka, ni da jama'a zan taka."

To ka ji, Ɗanjuma. Kai ma ci gaba da yi wa naka maƙwabcin talla kyauta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.