Sakatar Bindigar Des

Karo na uku ke nan Lyle ya ɗaga hannun sakatar bindigar, ta ƙi ko gezau. Ya share gumi, ya dubi mai ita.

"Des, yaushe rabonka da shafa mata mai? Tun kana saurayi?"

Des Kowald ya ɗan murmusa. Ya yi aski, ya sa farar rigar da yake zuwa coci da ita, ga shi ranar Talata ce. "Gyara kawai, mutumina. Karen daji ya addabe ni, kullum sai ya ɗauke min ɗan rago."

Tafiyar awa guda Lyle ya yi daga gonarsa saboda wannan kira. Duk yankin Cunnamulla, can ƙasar Ostireliya inda gonaki ke nesa da juna, an san shi da gyaran bindiga, kuma shekara talatin suna maƙwabtaka da Des. Shekara ta huɗu ke nan ana fari, wanda ya rasa ɗan rago ɗaya ya rasa abu babba.

Ya ɗiga kananzir a gindin sakatar, ya jira. Ya ɗauko gudumar katako ya ƙwanƙwasa a hankali. Ya zura sanda ta bakin bututun, ko kwankon harsashi ne ya kumbura ya maƙale. Wayam. Ba tsatsa, ba yashi. Abin da bai taɓa gagararsa ba yau ya mai da shi ɗan koyo, kunya ta fara kama shi.

Garken tumakin da ke bayan rumfar da suke ciki tsit, sai kukan hankaki.

"Af, kafin in manta," in ji Des, "in za ka tafi, tafi da karyata. Ta fi son gidanka."

Lyle bai ɗago ba. Ya hango wani siririn abu mai ƙyalli a tsagar ƙarfen, ya sa tsinin wuƙa ya kankare. Sakatar ta ɗan yi motsi.

"Yauwa! Ta fara jin magana," in ji Lyle.

Noelene, matar Des, tana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu da kofunan shayi biyu, har sun huce. Idanunta jajir.

"Des, kai shayin nan ciki ka ɗumama," ta ce.

Ya karɓa ba musu, ya shige gida yana jan ƙafa. Ƙofar na rufuwa ta matso, ta kama wuyan hannun Lyle ta matse. Yatsunta duk fata ta saɓule.

"Minti biyar kawai, Noelene, na gama."

"Don Allah, Lyle, ka ce masa ba ta gyaruwa." Ta waiwayi ƙofar. "Ni na zuba mata gam da asuba, na rasa yadda zan yi. Tun watan Maris ba mu da ko tunkiya ɗaya a gonar nan. Ba karen daji zai harba ba."